Matsanancin Borin Jini Bayan Harbi: Daga Jelifish na Teku zuwa Ƙudan Zuma da Ƙayar Kifi a Gaɓar Tafkin Kainji

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci anafilaksis, wato matsanancin borin jini da kan biyo bayan harbin wasu halittu, ta bi asalin gano shi daga binciken dafin halittun teku dangin jelifish, sannan ta dubi yadda ilimin ya shafi masunta da manoman ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a Jihar Kebbi. Matsayinta shi ne cewa allurar adirenalin a tsokar cinya ita ce magani na farko, kuma nisan ƙauyukan gaɓa da tsibirai daga babban asibiti ya wajabta ajiye ta a mafi ƙanƙantar ɗakin shan magani.

Gabatarwa

Jelifish halitta ce ta ruwa mai laushin jiki, marar ƙashi, wadda zaruruwanta ke ɗauke da dubban ƙananan jakunkunan dafi da ke fashewa su soki fata da zarar an taɓa su. Masu haɗarin a teku suke, kuma mafi muni shi ne Chironex fleckeri na arewacin Ostireliya, wanda dafinsa kan tsayar da zuciya cikin 'yan mintoci. A ruwan daɗi na Afirka akwai ƙaramin nau'i mai suna Limnocnida, wanda aka fara sani a Tafkin Tanganyika, aka kuma rubuta samunsa a Kogin Neja tun farkon ƙarni na ashirin, sai dai ba a san shi da cutar da mutum ba. Saboda haka mazaunin Yelwa ko Wara ba shi da abin tsoro daga jelifish, amma ilimin da binciken dafinsa ya haifar ya shafe shi kai tsaye, domin hanyar da jiki ke bi ya yi bori ɗaya ce, ko a teku aka yi harbin ko a gindin bishiyar da aka ɗora amya.

Asalin gano cutar da yadda take aukuwa

A shekarar 1901 Yarima Albert na Ɗaya na Monako ya gayyaci masana biyu 'yan Faransa, Charles Richet da Paul Portier, zuwa jirgin ruwansa na bincike, inda suka nazarci dafin Physalia, 'yar uwar jelifish, a tekun tsibiran Cape Verde da ke yamma da Senegal. Da suka koma Faris sai suka ci gaba da gwaji a kan karnuka da dafin wata halittar teku ta wannan dangi, da niyyar yi musu rigakafi, amma abin da ya auku ya saɓa wa tsammaninsu: karnukan da suka jure allura ta farko, da aka ba su ɗan kaɗan bayan wasu makonni, sai suka faɗi suna fama da numfashi, wasu suka mutu nan take. Sun bayyana sakamakon a 1902, kuma a kansa aka ba Richet lambar Nobel a 1913.

Bayanin da aka samu daga baya shi ne cewa a haɗuwar farko da dafi garkuwar jikin wasu mutane kan ƙera wani sinadarin kariya da ake kira IgE, wanda ke maƙalewa a kan wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata da hanyar numfashi da hanji. Idan dafin ya sake shiga, waɗannan ƙwayoyi kan zubar da histamin da makamantansa gaba ɗaya, sai jijiyoyin jini su saki, ruwa ya tsiyaye daga cikinsu, awon jini ya faɗi ƙasa, maƙogwaro ya kumbura, hanyoyin iska na huhu su tsuke. A nan ne kuskuren da ya fi yaɗuwa yake, wato ɗaukar cewa wanda ya saba shan harbi ya zama gagarau, alhali harbin baya ne ke shirya jiki ga borin.

Yanayin gaɓar tafki

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye tsibirai da fadamu da yawa na ƙasar Yauri, aka sake wa dubban mutane matsuguni, cikinsu har da Gungawa, kuma har yau rayuwar Gungawa da Sarkawa da Kambari da Shangawa na wannan yanki a kan su da noma take, kwalekwale kuma shi ne abin hawan ƙauyuka da dama. Harbin da ake gamuwa da shi ba iri ɗaya ba ne, kuma rarrabe shi shi ne rabin aikin jinya.

Masunci mai cire ƙurungu ko tarwaɗa daga taru yakan soku da ƙayar da ke gefen kifin, abin da ke jawo zafi mai tsanani da kumburi a wurin. Wannan aikin dafi ne da rauni, kuma abin da aka tabbatar yana rage zafinsa shi ne tsoma wurin cikin ruwan ɗumi da bai wuce maki 45 a ma'aunin Selshiyos ba na tsawon minti 30 ko fiye, sannan a cire guntun ƙayar, a wanke, a yi allurar tetanus, a kuma sa ido kan ruɓewa, domin ruwan tafki na ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Aeromonas. Irin wannan ruwan ɗumi ake amfani da shi ga harbin Physalia, yayin da ruwan khal ake kwarara wa harbin Chironex don hana sauran jakunkunan dafi fashewa. Sarkawa sun daɗe da shahara wajen cire ƙaya, kuma wannan gado ne da ya cancanci girmamawa a iyakarsa.

Harbin ƙudan zuma da rina da zirnaƙo shi ne ya fi kusa da abin da Richet da Portier suka gani. Idan ɗaruruwan ƙudan zuma suka rufe mutum, yawan dafin kansa na iya lalata tsoka da ƙoda, ko da babu bori. Amma mai borin jini harbi ɗaya ya ishe shi: ƙaiƙayi da ƙuraje su game jiki, leɓe da harshe su kumbura, murya ta dishe, numfashi ya riƙa fita da ƙara, amai ko murɗar ciki su biyo, jiri ya kwashe shi. Wani lokaci fata ba ta nuna komai, sai suma kawai. Nazarin da Richard Pumphrey ya buga a shekarar 2000 kan waɗanda anafilaksis ya kashe a Birtaniya ya nuna cewa matsakaicin lokaci tsakanin harbi da tsayawar zuciya ko numfashi minti 15 ne. Wanda aka harba a tsibiri ko a gonar albasa ta bakin ruwa ba zai ma gama shiga kwalekwale cikin wannan lokaci ba, balle ya isa babban asibitin Yelwa.

Magani

Adirenalin kaɗai ke warware dukkan abin da borin ya ƙulla a lokaci guda, domin yana tsuke jijiyoyin jini, ya buɗe hanyoyin iska, ya ƙarfafa bugun zuciya, ya kuma rage zubar histamin. Ana yin allurar a tsokar tsakiyar cinya ta gefen waje, daga kwalba mai ƙarfin miligiram 1 a kowace mililita: mililita 0.5 ga babba, 0.3 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, 0.15 ga wanda bai kai shekara 6 ba, kuma a maimaita bayan minti 5 idan ba a ga sauƙi ba. A kwantar da majinyaci a ɗaga ƙafafunsa, mai juna biyu a kan gefen hagu, wanda numfashi ya fi damu kuma a bar shi ya zauna. Tayar da shi tsaye ko sa shi tafiya na iya zama ajalinsa, saboda jinin da ke komawa zuciya ya riga ya ragu. Bayan haka sai iskar oksijin da ƙarin ruwa ta jijiya, da tsare shi a asibiti na sa'o'i, tunda borin kan dawo ga kimanin mutum ɗaya cikin 20.

Abin takaici shi ne yadda hannu ke saurin kaiwa ga Piriton da haidirokotizon, waɗanda suka fi samuwa a kemis. Na farko ƙaiƙayi yake ragewa, na biyu kuma sai bayan sa'o'i yake fara aiki, shi ya sa ƙa'idojin farfaɗo da majinyata na Birtaniya na 2021 suka cire shi daga matakan farko. Ɗura wa mai kumburin maƙogwaro madara ko manja ko jiƙo kuwa ƙarin haɗari ne, domin yana iya shaƙe shi.

Adirenalin na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba shi da tsada, kuma duk wurin da ake yin allurar rigakafi ko ta penisilin ko maganin saran kububuwa ya riga ya zama dole a same shi, tunda su ma suna iya tayar da irin wannan bori. Abin da ya rage ga hukumomin lafiya na Jihar Kebbi da na ƙananan hukumomin uku shi ne su ajiye shi a kowane ɗakin shan magani na gaɓa da tsibiri, su riƙa sauya wanda wa'adinsa ya ƙare ko launinsa ya canja, su kuma horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko tare da ba su izinin yin allurar ba tare da jiran likita ba.