Daga Jami'ar Yamai zuwa karatu a ƙasar waje: abin da ya kamata iyaye su sani

Da yawa daga cikinku ba ku samu shiga lakkwal da ƙuruciya ba, amma kun sa ƴaƴanku, har wasu sun ci jarrabawar BAC. Wata rana ɗa ko ɗiya za su zo muku da maganar tafiya karatu ƙasar waje, kuma ku ne za a nema da kuɗi, ku ne za ku sa hannu. Saboda haka ya kyautu ku san inda ƙofar take tun kafin wani ya ce zai nuna muku ita.

Jami'ar da mai sunanta

An buɗe cibiyar ilmi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973. A 1992 aka ba ta sunan Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991. Shi ma a waje ya yi karatunsa: ya fara a Senegal, ya wuce Faransa inda ya ƙware a kimiyyar fiziya, sannan ya dawo gida ya shugabanci ma'aikatar da ke binciken amfani da hasken rana. Yanzu akwai jami'o'in gwamnati a Maraɗi da Damagaram da Tawa da sauran jihohi, ga kuma Jami'ar Musulunci ta Say da ta fara aiki a 1986.

Karatun jami'a hawa uku ne. Hawa na farko shi ne lisans, shekara 3 bayan BAC. Na biyu mastar, shekara 2. Na uku doktora, shekara 3 ko fiye. Ana kiran wannan tsari LMD, kuma ƙasashen Turai da ƙasashen Afirka da dama suna bin irinsa. Amfaninsa shi ne wanda ya gama hawa ɗaya a Yamai yana iya neman hawa na gaba a Dakar ko Rabat ba tare da ya koma farko ba.

A ganina, in yaro bai samu bursu ba bayan BAC, babu dalilin sayar da gona. Ya yi lisans a gida. Guraben waje da dama na masu mastar da doktora ne, kuma a lokacin yaro ya ƙara hankali, malamansa sun san shi, suna iya rubuta masa takardar shaida.

Hanyoyin fita

Hanya ta farko ita ce bursu, wato tallafin karatu. Ƙasashe irin su Aljeriya da Maroko sun daɗe suna ba Nijar gurabe, kuma hukumar da ke kula da bursun ɗalibai ita ce ANAB, a Yamai. Ana duba makin da yaro ya samu a BAC da kuma shekarunsa. Ku lura, ba kowane bursu ne ke ɗauke dukan nauyi ba. Wani kuɗin makaranta kaɗai yake biya, ya bar muku jirgi da abinci da tufafin sanyi. Ku sa a karanta muku takardar, layi bayan layi.

Wasu ƙasashe kuma ta intanet ake nema kai tsaye. Turkiya na cikinsu: takan buɗe rajista a watan Janairu da Fabrairu, ba a biyan ko dala. Mai neman lisans kada ya kai shekara 21, mai neman mastar kada ya kai 30. Wanda aka ɗauka ana ba shi masauki da tikitin jirgi da kuɗin kashewa, amma sai ya yi shekara guda yana koyon Turkanci. A Rasha ma akan fara da shekarar koyon harshe. Wannan shekara ba ɓata lokaci ba ce, sai dai ku sa ta cikin lissafi. Haka wanda zai tafi Sakkwato ko Kano ko Zariya: Hausa za ta ishe shi a kasuwa, amma a aji Ingilishi ake yi.

Hanya ta biyu ita ce yarjejeniyar da jami'a kan ƙulla da takwarorinta. Misali, shirin WASCAL, wanda Jamus ta ba kuɗi, ya kawo karatun mastar kan sauyin yanayi da makamashi a Jami'ar Abdu Mumuni. A 2021 aka buɗe wani mastar na makamashi mai tsabta, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suka fara karatu a yankin, suka je Jamus don kammala bincike. Irin waɗannan gurabe a allon sanarwar jami'a ake liƙa su, kuma malamai ne ke zaɓe. Ba a saye.

Hanya takan buɗe, takan rufe. Ɗaliban Jami'ar Boston ta Amurka sun yi shekaru suna zuwa Yamai koyon Hausa da Zabarmanci, har rashin tsaro ya tsayar da shirin a 2011. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, kuma ta rufe ofishin jakadancinta a Janairun 2024. Don haka labarin wanda ya tafi shekara biyar da suka wuce ba hujja ba ne. A tambayi yadda abin yake bana.

Takardu

Nan ne aka fi faɗuwa. Za a nemi takardar haihuwa, da takardar shaidar ɗan ƙasa da ake samu a kotu, da sakamakon BAC, da fasfo, da shaidar likita, da katin rigakafin shawara. Kwafin kowace takarda sai an buga mata hatimin hukuma. Fasfo yana ɗaukar lokaci, kwanakin rajista kuwa ba sa jira, don haka a neme shi tun kafin sanarwa ta fito.

Ga wani aiki da ku da kanku za ku iya yi yanzu da kuka san baƙaƙe. Ku shimfiɗa takardun a tabarma, ku gwada sunan yaron harafi bayan harafi, ku gwada ranar haihuwa. In an rubuta Mahamadou a wata takarda, Mamadou a wata, ma'aikacin da ke ƙasar waje zai ɗauka mutum biyu ne. Na san wata yarinya mai ƙoƙari da ta rasa gurbinta a kan harafi biyu. Gyaran irin wannan kuskure ta hannun hukuma ake yi, kuma yakan ci watanni.

Dillalai da digirin banza

Akwai masu yawo da hotunan manyan gine-gine a salula, suna cewa a ba su jika ɗari biyar su samo wa yaro gurbi da biza. Biza ofishin jakadanci ne kaɗai ke ba da ita. Duk wanda ya ce a tura kuɗi da sunansa, ba da sunan makaranta ba, ko ya hana ku rasit, ko ya ce sai yau sai yau, ku riƙe kuɗinku. Kada kuma ku ba kowa ainihin takardar BAC ko fasfo ya ajiye.

Ko makarantar tana nan da gaske, sauran tambaya ɗaya: in yaro ya dawo, za a karɓi digirinsa? A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Najeriya ya nuna ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba. A Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatun gaskiya. Akwai hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedkwatarta tana Wagadugu. Tana duba makarantu ta fitar da jerin digirorin da ta amince da su. Kafin ku biya, ku rubuta sunan makarantar da sunan fannin a takarda, ku aiki yaron ma'aikatar ilmi mai zurfi ya tambaya ko Nijar ta yarda da su. In hanya ta yi muku nisa, ku fara da shugaban lisen da yaron ya gama, ko ofishin rajistar ɗalibai na jami'ar jiharku.