Gammon Kakata

Ran nan ina kakkaɓar ɗakin kakata, Allah ya jiƙanta, a gidanmu na Ƙofar Guga, sai na ci karo da tsohon gammonta. Tun kafin famfo ya shigo lungunmu, da shi take ɗauko tulu daga rijiya, hannu sake, ruwa ko ɗigo bai zuba. Muna yara mukan ce ƙarfi ne irin na mutan da. Ita kuwa sai ta ce, "Ba ƙarfi ba ne 'yan nan, iya tafiya ne."

Ashe abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tafiyar ɗan Adam ilmi ce mai zaman kanta. Tun 1680 aka buga littafin wani masani ɗan Italiya, Borelli, inda ya auna aikin ƙashi da tsoka da lissafi. A 1986 kuma Farfesa Maloiy na Jami'ar Nairobi da abokan aikinsa suka gwada matan Kenya masu ɗaukar kaya a ka. Sai suka tarar mace kan ɗauki kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinta ba tare da ta ƙara kashe ƙarfi ba. A 1995 aka bayyana dalili: kowane taku jiki yakan ɗaga sannan ya gangaro gaba kamar lilo, gangarowar ce ke tura taku na biye. Matan nan sun iya lilon, ba su ɓarnar ƙarfi. Maganar kakata ke nan.

Amma fa kar mu ruɗu. Binciken 2010 a Afirka ta Kudu ya nuna ba kowace mace ke samun wannan sauƙi ba, da yawa ma sun koka da ciwon wuya. Ni shaida ce, don kakata da ciwon wuya ta tsufa.

To ke uwa, kafin ki ɗora wa 'yar shekara bakwai farantin talla ko bokiti cike, ki tuna ƙashinta bai ƙosa ba. Rage mata kayan, ki naɗa mata gammo mai kauri. In kuma tana da kai, bar ta ta yi karatu. A Jami'ar Bayero ta Kano ana koyar da gashin ƙashi, inda ake nazarin motsin jiki. Wa ya sani ko ita ce za ta duba wuyanki gobe?

Allah ya raya mana zuriya, amin.