Hoton Bayan Ido: Mene Ne, Kuma Wa Ya Kamata Ya Yi?

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira ratina. Shi ne ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Ciwon suga kan lalata shi a hankali, hawan jinin ido kuma ya cinye jijiyar gani, mutum bai ji zafi ba. Kafin ya farga, gani ya tafi, kuma abin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa.

Hoton iri biyu ne. Na farko kyamara ce ke ɗaukar fuskar tantanin, a ga jijiyoyin jini da inda jini ya tsiyaya. Na biyu shi ne OCT, wanda James Fujimoto da abokan aikinsa na jami'ar MIT a Amurka suka bayyana a 1991. Na'urar tana aika haske mara cutarwa, ta auna wanda ya dawo, ta fito da tantanin hawa-hawa. Tana rarrabe abin da kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na silin gashi ba.

Ba allura, ba yanka, 'yan mintuna ne. Wani lokaci akan ɗiga maganin buɗe ido, gani ya yi dishi-dishi na wasu awanni, don haka kada ka tuƙa mota ko babur a lokacin.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma Arewa maso Gabas ce ta fi yawa. Yanar ido ce kan gaba, sai hawan jinin ido.

Shi ya sa, ɗan'uwa, in kana Agege ko Sabon Ibadan, tsohonka yana Nassarawo a Mubi da ciwon suga, kuɗin tabarau kaɗai ba su wadatar ba. A duba masa bayan ido duk shekara. Manyan wuraren ido sun haɗa da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, asibitin ido na ECWA a Kano, UCH Ibadan da LUTH Legas. A tambaya ko na'urar tana aiki kafin a kama hanya. Allah Ya ƙara lafiya.