Rimayen Birnin Zariya

Duk wanda ya taɓa neman gidan wani a cikin birnin Zariya ya san yadda Zazzagawa ke kwatance. Za a ce maka ka shiga gari, in ka kai Rimin Tsiwa ka yi tambaya. Wani gidansu yana Rimin Doko, wani Rimin Danza, wani Rimin Kambari. Baƙo sai ya riƙa ɗaga kai yana neman itacen. Wani wurin ya gan shi tsaye, wani wurin kuwa a nuna masa shago ko bakin titi a ce ai nan yake a da.

Ba Zariya kaɗai ke da rimi a sunayen wurare ba. Kano na da Kasuwar Rimi da Rimin Gado, Kaduna na da Unguwar Rimi, Katsina na da ƙaramar hukumar Rimi, kuma marigayi Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, sunan ƙauyensu na ƙasar Sumaila ya ɗauka. Amma a ƙasar Hausa babu birnin da rimi ya zama tambarinsa kamar Zariya. Matafiyin da ya doso garin a da, bayan dutsen Kufena, kawunan rimaye yake fara hangowa kafin ya ga ganuwa. Ko Baturen nan Hugh Clapperton, da ya ratsa ta Zariya a 1826 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, sai da ya ambaci dogayen itatuwan garin a littafin tafiyarsa.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, a ƙasarmu rimi itacen gari ne. Ka shiga daji ka yi ta tafiya, za ka ga kaɗanya da ɗorawa da marke, amma da wuya ka ci karo da rimi. In kuwa ka gan shi tsaye shi kaɗai a dokar daji, duba ƙasa da kyau, galibi za ka tarar da katangar tukwane ko tsohuwar rijiya, wato kufai ne. Asalinsa itacen kurmi ne mai son ruwa, kuma a arewa hannun mutum ne ya yaɗa shi, ko da iri ko da reshe. Ke nan kowane rimi da ke cikin ganuwar Zariya akwai wanda ya dasa shi, ko ya kare shi daga awaki har ya fi ƙarfinsu. Tsofaffin gari kan ce manyan cikinsu sun girmi jihadi, tun zamanin sarakunan Haɓe suke, kafin Malam Musa na ɓangaren masu jihadi ya karɓi garin, Sarki Makau na Haɓe ya yi kudu. Wasu ma har Sarauniya Amina suke kai su. Wannan kam halinmu ne, duk abin da ya tsufa a ƙasar Zazzau sai mun jingina shi ga Amina.

To me ya sa suka dasa shi? Inuwa da ado suna ciki, shi ya sa ake masa kirari da rimi adon gari. Sai dai babban dalilin audugarsa ce. Da sanyin hunturu rimi kan zubar da ganye ya yi fure, furen da daddare yake buɗewa, jemagu su zo shan zaƙinsa su yi masa barbara. Bayan 'yan watanni 'ya'yan su bushe su fashe, iska ta kwashi farar auduga ta watsa a unguwa. Wannan auduga ba ta kaɗuwa a mazari don santsinta da gajartar silinta, saboda haka ba ta masaƙa ba ce. Amma ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa, kuma ba ta saurin dunƙulewa. Da ita ake cusa matashi da katifar amarya da huhun sirdi. Da ita ake kama wutar ƙyastu kafin zuwan ashana, domin tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

Sai kuma yaƙi. Lifidin da ake sa wa doki da mahayinsa, wanda yau muke kallo a hawan sallah kamar kwalliya, rigar kariya ce da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke, kibiya ta zo ta maƙale a ciki. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma Zazzau na cikin ƙasashen da ya gwabza da su. Sarkin da ke son 'yan lifida dole ya so rimi a kusa da shi, a cikin ganuwa, inda ko an kewaye gari da yaƙi ba za a raba shi da shi ba. A ganina wannan ya fi kowace tatsuniya bayyana yawan rimayen birnin. Har Turawa sun san darajarta, don a yaƙin duniya na biyu da irin wannan auduga suke cusa rigunan da ke hana sojan ruwa nutsewa, ko da yake mafi yawan tasu daga tsibirin Jawa take fitowa.

Ganyen ma ana busarwa a daka a yi miya mai yauƙi, ɓawon kuma masu magani na nema.

Zancen iskoki kuwa, kowane ɗan birni ya tashi da shi. Rimi da kuka da tsamiya su ne aka fi cewa gidajen mutanen ɓoye ne. Ana hana yara zama a gindinsa da tsakar rana ko da almuru. Masu bori suna girmama shi. Masassaƙi kan yi ta jan ƙafa kafin ya ɗora masa gatari, kuma kowace unguwa ba ta rasa labarin wani da ya sari reshe ya kwana da zazzaɓi. Wanda ya taɓa tsayawa cikin lungunan saiwoyinsa, waɗanda kan tashi kamar bango har su ɓoye mutum, ga ungulaye jere a sama ga kukan jemagu da dare, ba zai yi mamakin inda labaran suka samo tushe ba. Malamai sun yi wa'azi a kan camfin, kuma gaskiyarsu. Amma a faɗi gaskiya, wannan tsoro ya yi wa itatuwan gadi shekaru aru-aru ba tare da an biya kowa ko anini ba.

Yau tsoron ya ragu, amfanin ma ya ragu. Katifar soso ta kori ta rimi, ashana ta kori ƙyastu, lifidi ya koma na ranar sallah. Gidaje sun matse, an zuba siminti har gindin itatuwa, ana faɗaɗa tituna da magudanai. Tsohon rimi kuwa itacensa ba shi da ƙwari, in ya ruɓe ta ciki guguwar farkon damina kan karya shi, kuma wanda reshe ya taɓa rushe wa ɗaki ba za ka zarge shi ba in ya kira mai zarto. Ko ungulayen da ke kwana a kansu sun yi ƙaranci. Laifin da nake gani ba na saran tsoho ba ne kawai, na rashin dasa sabo ne a gurbinsa.

A Firitawun, babban birnin Saliyo, akwai irin wannan itace a tsakiyar gari, wanda ake cewa 'yantattun bayin da suka sauka a 1792 sun taru a gindinsa sun yi addu'a. Hotonsa har kan takardar kuɗinsu ya hau. Da ruwa da iska suka kayar da shi ranar 24 ga Mayu, 2023, shugaban ƙasarsu Julius Maada Bio da kansa ya yi jimami, kafafen labaran duniya suka ɗauka. Namu kuwa in ya faɗi, sai dai a faskara a kai murhu.

Zariya ba ta rasa masana ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken gandun daji a Samaru, ga Masarautar Zazzau da masu unguwanninta. Aikin ba mai tsada ba ne: a ƙirga waɗanda suka rage, a rubuta sunan kowanne da abin da tsofaffi suka sani game da shi, a rage wa masu haɗari rassa, a dasa sababbi a makarantu da filayen idi da bakin ganuwa inda akwai sarari. 'Yan uwa Zazzagawa, wanda rimin unguwarsu ke tsaye har yanzu ya ɗauko mana hotonsa, ya kuma tambayi dattawan gidansu labarinsa ya rubuto mana.