Tushen Awon Ƙasa da Iyakarmu

Manomi in zai auna gona da igiya, sai ya fara kafa turke. In turken ya gusa, awon duka ya gusa. Haka masu zanen taswira suke yi. A da ƙasashe sukan zaɓi wuri guda, a auna shi sosai ta duban taurari, a kuma yarda da girman duniya da siffarta, don ba ta mulmule sarai ba. Daga wannan wuri ake ƙirga matsayin kowane gari da lambobi biyu: nisansa daga layin da ya raba duniya kudu da arewa, da nisansa daga layin Girinic na Ingila.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen masana ne kawai. A 1898 Faransa da Ingila suka shata iyaka bisa takarda: da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, sannan layin daraja 14, sannan na daraja 13 da minti 20. Wannan layi ya bar Gidan Rumji da Maraɗi wajen Ingila, Agye da Gazawa wajen Faransa. Amma Faransawa suka rasa hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, sai aka sake shiri a 1904 da 1906. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasar, suka kafa alamun iyaka 148. Da haka garuruwan nan suka haɗu gefe guda.

Bayan haka Najeriya ta kafa tushen awonta a Minna. A 1969 aka tsai da wani a yankin Dosso, ana kiransa Point 58. Yau na'urar GPS da wani tushe take aiki, na duniya baki ɗaya, sunansa WGS 84, wanda ya ɗauki tsakiyar duniya ya mai da ita turke.

To, lambobi ɗaya bisa tushe biyu ba wuri ɗaya suke nunawa ba. Ratar takan kai mita gommai, wato wani yanki na gona. Saboda haka in ma'aikatan hukumar filaye sun zo auna gona ko burtali, a roƙe su su rubuta tushen awon cikin takarda, don kada jikoki su yi rigima kan iyakar da kakanni suka daidaita.