Kafin kwamfuta ta shigo ɗakin gwaji

Wata ɗaliba ta tambaye ni mene ne amfanin wahala a ɗakin gwaji, tunda kwamfuta tana lissafa yadda ƙarfe yake riƙe asid cikin dare guda. Tambayar ta sosa mini rai.

Zanen nan mai siffar dutse na kwatanta ƙarafa, da masu bincike suke liƙawa a kowace takarda, da hannu aka samo shi. Sachtler da Fahrenfort ne suka fitar da shi a 1960 daga ɗakin binciken Shell na Amsterdam, suna bin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya da asid ɗin fomik. Zinariya riƙonta sako-sako ne, tangistan ya damƙe fomet, wato abin da asid ɗin yake zama a kan ƙarfe, ya ƙi saki, filatinam da iridiyam suka hau ƙololuwa. Abin da masanin sinadarai Sabatier ya faɗa tun a Tulus, cewa matsakaicin riƙo ya fi, su suka sa masa awo.

Marigayi malamina a Amurka ba ya barin sabon shiga ya taɓa na'ura sai ya iya goge kiristal ɗin tagulla da hannunsa har ya zama madubi. Daga nan sai tsarkake asid ɗin: a daskarar da shi da ruwan naitirojin, a zuƙe iska, a narkar, a sake. Fomik yana son ruwa, yana kuma ruɓewa a bangon bututu tun kafin ya isa kan ƙarfen. Wanda bai san haka ba, datti zai auna ya ce sakamako ne. Bayan asid ɗin ya hau, sai mu ɗumama kiristal ɗin, mu zuba wa alƙalamin na'ura ido yana jan layi a takarda. Wajen digiri 470 na Kelbin, CO2 da haidirojin su taso tare. Malam ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Tare suka fito, to uwarsu ɗaya, fomet ce."

Ta irin wannan awon ne Madix da ɗalibansa a Stanford, a shekarun 1970, suka ga fomik yana ruɓewa farat ɗaya a kan nikel, kowane gurbi da ya buɗe yana ƙara wa ruɓewar sauri. Babu lissafin da ya riga su gani.

Yanzu ana rububin fomik don adana haidirojin, amma ɗan CO kaɗan da ke fitowa wajen ruɓewarsa ya isa ya kashe filatinam. 'Yan baya, ku yi lissafinku, ban hana ba, amma ku je ku auna da hannunku kafin ku buga.