Tantanin Ƙwaƙwalwa da Ruwanta: Yadda Ɗabibai Suka Kai ga Saninsu

Duk almajirin da ya yi nisa a karatun Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani har ya iso babin hukuncin jinane da haddodi, ya riga ya ɗanɗani wani yanki na ilmin tashrihi, wato ilmin sanin ginin jikin ɗan Adam, ko da malaminsa bai taɓa ambata masa sunan fannin ba. A can ne ake jera raunukan kai gwargwadon zurfinsu: muliha, wadda ta yaye nama har ƙashi ya bayyana, diyyarta raƙuma biyar, munaƙƙila, wadda ta farfasa ƙashin har ɓaraguzansa suka gusa, raƙuma goma sha biyar, sai ma'amuma, wadda ta keta ƙoƙon kai ta isa ga fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, ita kuwa sulusin diyyar rai ce ɗungum, kuma ba a yin ƙisasi a cikinta, domin fuƙaha'u sun san duk mai neman ramuwa a wannan wuri yana iya zarcewa ya kashe. Ashe ke nan tun a farkon Musulunci an san akwai wata iyaka tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa wadda ketare ta ke sauya hukunci.

Abin da likitoci suka tabbatar yau shi ne, ƙoƙon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwa ƙasusuwa takwas ne da suka sarƙe da juna, waɗanda a jikin jariri ba su gama haɗuwa ba, shi ya sa ake ganin maɗiga tana bugawa har yaro ya kai kamar shekara ɗaya da rabi. A ƙarƙashin ƙashin kuma akwai tantani hawa uku, na waje mai kauri da tauri wanda ya manne wa ƙashi, na tsakiya mai kama da saƙar gizo, da na ciki mai laushi wanda ya bi kowane lungu da kwari na ƙwaƙwalwa. Tsakanin na tsakiya da na ciki akwai ruwa garai, kimanin mililita 150 a jikin baligi, wanda ya cika ramuka huɗu na cikin ƙwaƙwalwa, ya kewaye ta, ya gangara tare da laka har ƙugu. Tantani mai kauri da mai laushi an san su tun zamanin da. Amma ruwan nan, duk da yawansa, ya ɓoyu wa hukama'u fiye da shekara dubu da ɗari biyar, kuma dalilin ɓoyuwarsa abin lura ne ga duk mai neman ilmi.

Mafi daɗewar rubutun da ya ambaci waɗannan abubuwa wata takarda ce ta Misira da aka kwafa wajen shekara 1600 kafin Miladiyya daga wani asali da ya girme ta, wadda wani Ba'amurke, Edwin Smith, ya saya a Luksor a 1862, ba a kuwa fitar da fassararta ba sai a 1930. Mas'ala 48 ce a cikinta, mafi yawan na farkonsu raunukan kai ne, kuma marubucin ya siffanta ƙwaƙwalwar da ya gani ta cikin fasasshen ƙashi da yamutsin da ke fitowa a kan narkakkiyar tagulla, ya ambaci bugunta a ƙarƙashin yatsa, da fatarta, da ruwan da ke tsiyayowa daga ciki. Abin mamaki, mutanen da suka yi wannan kaifin lura su ne kuma idan za su adana gawar babban mutum suke zaƙulo ƙwaƙwalwar ta hanci su zubar, su bar zuciya a mazauninta, domin a wurinsu ita ce ma'ajiyar hankali. Aristatalisu ma daga baya a kan wannan ra'ayi ya tsaya, yana ganin aikin ƙwaƙwalwa bai wuce sanyaya zafin jini ba.

A Iskandariyya ne, wajen shekara 300 kafin Miladiyya, Hirofilus ya sami iznin sarakuna ya feɗe gawar mutane, ya bayyana ramukan cikin ƙwaƙwalwa da manyan magudanan jinin da ke cikin tantani mai kauri, har yau ana kiran mahaɗarsu ta wajen ƙeya da sunansa. Wannan ƙofa ba ta daɗe a buɗe ba. Da Jalinusu ya zo, wanda aka haifa a Fargamum a shekara ta 129 Miladiyya, ya yi wa 'yan kokawar takobi magani kafin ya zama ɗabibin sarakunan Rum, sai ya tarar al'ada ta hana taɓa gawar mutum, don haka ya duƙufa kan shanu da aladu da birai, ya ɗauki abin da ya gani a cikinsu ya yi ƙiyasinsa a kan ɗan Adam. Ya siffanta tantani biyu siffantawa mai kyau, amma ya ce ramukan ƙwaƙwalwa mazaunin wani ruhi ne mai kama da iska wanda ke bin jijiyoyi ya haifar da ji da motsi, ya kuma jingina wa mutum wata ragar jijiyoyin jini a gindin ƙwaƙwalwa wadda tumaki da shanu ke da ita, mutum kuwa ba shi da ita.

Ta hannun Hunainu ɗan Is'haƙa, wanda ya rasu a 873, da almajiransa a Bagadaza, littattafan Jalinusu suka shiga Larabci, ɗabiban Musulmi suka tsara su, suka tace, suka ƙara da abin da suka gani a asibitocinsu. Aliyu ɗan Abbas Almajusi a cikin Kamilus Sina'a ya kira tantanin biyu uwa mai kaushi da uwa mai laushi, kuma da aka juya littafinsa zuwa Latin a ƙarni na 11 da na 12, sunayen nan suka bi shi, su ne likitocin duniya ke amfani da su har yanzu. Ibn Sina a cikin Alƙanun ya raba ma'aikatan hankali na ɓoye a ramukan ƙwaƙwalwa, tattara abin da gaɓoɓi suka ji a gaba, tunani da wahami a tsakiya, hadda a baya, ya kuma bayyana ciwon da suke kira sarsam, zazzaɓi mai zafi da ruɗewa saboda kumburin fatar ƙwaƙwalwa. Amma wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Azzahrawi na Ƙurɗuba, domin shi mutumin hannu ne: a juzu'i na talatin na Attasrif ya zana hoton wani mahuji mai ƙawanya kusa da bakinsa, yadda idan ana huda ƙoƙon kai don ɗauke karyayyen ƙashi ba zai nutse ya soki tantani ba, ya kuma yi magana a kan jariran da kansu ke girma saboda taruwar ruwa, bai ɓoye cewa waɗanda ya gani da wannan larura ba sa daɗewa ba. Sai dai shi da sauransu duka sun ɗauki ruwan a matsayin alamar cuta, babu wanda ya zaci yana nan a kan mai lafiya.

Da fiɗar gawa ta dawo a jami'o'in Italiya, Mondino ya rubuta littafinsa a Bolonya a 1316, sannan Vesalius, malamin Faduwa, ya buga babban littafinsa a 1543 ya ƙaryata ragar nan ta Jalinusu a jikin mutum; a 1664 aka ba tantani na tsakiya sunansa, a shekarar da Thomas Willis na Ingila ya fitar da littafinsa a kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jinin gindinta. Duk da haka ruwan bai sami mai tsaya masa ba sai a 1764, lokacin da Domenico Cotugno na Nafoli, yana cikin binciken ciwon jijiyar cinya, ya gane inda gizo ke saƙa. Al'adar masu fiɗa a lokacin ita ce su fara datse kai daga wuya kafin su tsaga ƙoƙon, to, kamar wanda ya fasa gindin tulu sannan ya leƙa ta baki ya yi rantsuwa bai ga ruwa ba, haka suka yi ta yi zuriya bayan zuriya, ruwan na kwarara a kan tebur tare da jini, suna samun fili wayam suna cewa tururi ne ko ruhi. Cotugno sai ya bar kai a jikin gawa, ya tayar da ita, ya huda ta wajen ƙugu, ruwa garai ya zubo. Ya maimaita a gawarwaki da dama ya sami abu ɗaya. Ba wata sabuwar na'ura ya ƙera ba, tartibin aikin kawai ya sauya, kuma ina ganin bai sami yabon da ya cancanta ba, domin sai da Magendie na Faransa ya sake tabbatar da al'amarin a jikin dabbobi masu rai daga 1825 sannan malaman ɗibbu suka sallama.

A tsakanin nan Alexander Monro na Edinbara a 1783, da George Kellie bayansa a 1824, suka kafa ƙa'idar da likitocin tiyatar kai ke aiki da ita: ƙoƙon baligi rufaffe ne, ba ya miƙewa, saboda haka duk abin da ya ƙaru a ciki, jini ne ko ruwa ko ƙari, dole wani abu ya matsa masa. Da ita ake fahimtar abin da kan faru ga wanda aka buga a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ya fi sirantaka kuma wata jijiyar jini ke bi ta ƙarƙashinsa: ya suma, ya farfaɗo, ya yi magana sarai har 'yan uwa su yi hamdala, alhali jini na taruwa tsakanin ƙashi da tantani mai kauri, bayan 'yan sa'o'i barci ya rinjaye shi, ƙwayar ido ɗaya ta buɗe, in ba a huda an kwashe jinin ba ajali ya sauka.

Bayan Luschka a 1855 da Key da Retzius na Suwidin a 1875 sun gama bin hanyar ruwan daga inda ake tace shi a cikin ramuka har inda yake komawa cikin jini, sai Heinrich Quincke na birnin Kiel a Jamus ya ɗebe shi daga mai rai a 1891. Hujjarsa ita ce laka a jikin baligi tana ƙarewa ne wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, jakar ruwan kuwa ta zarce ƙasa, don haka akwai wurin da allura za ta shiga ba ta taɓa laka ba. Ana kwantar da majinyaci a gefe, ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji don ƙasusuwan bayan su buɗe, likita ya laluba saman ƙasusuwan kwankwaso ya auna tsakaninsu, ya soka allurar a hankali har ya ji ta ratsa tantani, ruwan ya riƙa ɗigowa cikin kwalba. In lafiya lau ne garai yake fitowa, in kuwa mugunya ta shiga sai ya fito a gurɓace.

Wannan gurɓacewa ita ce shaidar sanƙarau. Vieusseux ya siffanta annobarsa a Janiba a 1805, Weichselbaum ya gano ƙwayar da ke kawo shi a Biyana a 1887, kuma sanƙarewar wuyan da muke gane shi da ita daga kumburin tantanin ne, domin sunkuyar da kai yana jan fatar da ta riga ta ƙuna. A 1963 likitan sojan Faransa Lapeyssonnie ya shata yankin da cutar ke yawan ɓarkewa a lokacin rani da bazara, daga yammacin Afirka zuwa Sudan, ƙasar Hausa na tsakiyarsa. A annobar 1996 mutane fiye da 250,000 suka kamu a nahiyar, kimanin 25,000 suka rasu, arewacin Najeriya na cikin wuraren da abin ya fi muni. Da ruwan da aka riƙa ɗiba a asibitocin wannan yanki aka tantance cewa nau'in A na ƙwayar ne ke haddasa mafi yawan ɓarnar a wancan lokaci, a kansa kuma aka haɗa allurar rigakafin da aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, Najeriya ta biyo baya a 2011.